Ba Barci Kofur Yake Yi Ba

“Kai ne manajan? To ku kuka kashe shi. Kuna zaune cikin sanyi kuna kallonsa har ya mutu.”

Haka na faɗa masa a tsakiyar banki, a gaban masu layi da 'yan matan nan na bayan gilashi, kuma ko gobe aka mayar da ni wurin, abin da zan sake faɗa ke nan. Ya taso yana gyara wuyan rigarsa, yana waige-waige kamar ni ce abin kunyar.

“Mama, don Allah ki sassauta murya. Wa aka kashe?”

“Kun ji ko? Wai wa aka kashe! Mutumin da ya yi furfura yana buɗe maka ƙofar mota, yana sara maka, yau shi ne wa.”

Bari in gaya muku ko wane ne, tunda shi ya manta.

Kofur maƙwabcina ne. Gidan haya ɗaya muke, ƙofar ɗakinsa na kallon tawa, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Ni gawayi nake sayarwa a bakin ƙofa, kowa Goggo yake ce min. Shi kuwa bai taɓa shiga soja ba, 'yan layinmu ne suka laƙaba masa Kofur saboda yadda yake tafiya in ya sa kaki, ƙirji gaba, kamar shi aka bar wa tsaron duniya. Gadi yake yi a bankin. Matarsa ɗinki take yi, Tela muke kiranta. Ba su da ɗa a gabansu, 'yarsu ɗaya tana aure can nesa.

Ni da shi kullum cikin faɗa muke, irin faɗan da ba ya kai wa zuciya. Ya goge takalmi yana ƙyalli, in kaɗe buhu, ƙura ta sauka a kai.

“Goggo, wallahi wata rana sai na sa an kama ki.”

“Da wace bindigar? Sandar nan taka ko akuya ba ta kora.”

“Ni ba na bukatar bindiga. Akwai ido a kaina.”

Wannan idon shi ne kyamara. Ba abin da yake alfahari da shi kamarta. Ya ce sun kakkafa su ko'ina, ƙofar gaba, ƙofar baya, kan katanga, wajen injin cire kuɗi, kuma duk abin da suka gani yana tafiya wani ɗaki a ofishin kamfanin tsaron da ya ɗauke shi aiki, inda mutum ke zaune gaban talabijin da yawa, ba ya ƙiftawa.

“Ko tuntuɓe na yi, sun gani,” in ji shi. “Kafin in ce wash, mota ta iso.”

Na ce masa, “Allah ya sa. Ni dai ban taɓa ganin ido ya ɗaga wanda ya faɗi ba, sai hannu.”

Sai daga baya na gane wa idon nan yake gadi. Da farko suka kwashe kujerun masu gadi, wai kujera na kawo gyangyaɗi. Sannan suka hana su zuwa da waya, wai kada wani ya tsegunta wa 'yan fashi lokacin da motar kuɗi za ta shigo. Sannan suka fito da wata sabuwa: duk bayan awa, mai gadi zai zo gaban kyamara ya ƙame ya ɗaga hannu, na cikin ɗakin ya shaida yana farke. Wanda bai ɗaga ba, a ɗauki hotonsa a kai wa Oga, shugaban masu gadin. Dattijo da jikoki, yana ɗaga hannu wa ƙarfe kamar ɗan aji ɗaya mai neman izinin fitsari. Da na faɗa masa haka dariya ya yi har da tari.

Suka kuma ba su wani ɗan abu baƙi mai maɓalli ja, suna rataya shi a ɗamara. In ka danna, ƙararrawa ta tashi, 'yan sanda su zo da bindigogi. Ya taɓa nuna min, bai bari na taɓa ba.

“Wannan na 'yan fashi ne kawai, Goggo. Akwai wani abokin aikinmu, wata mata mai ciki ta yanke jiki ta faɗi a bakin ƙofa, ya rikice ya danna. 'Yan sanda suka cika titi, aka kwantar da mutane a ƙasa. Washegari aka karɓe kakinsa.”

“Matar fa?”

“Wa ya tambayi matar?”

Ranar da abin ya faru Asabar ce, banki a rufe, shi kaɗai aka sa a ƙofar baya wajen ɗakin janareto, inda ba mai wucewa sai ƙadangare. Da safe na fito zan ɗebi ruwa na same shi zaune a dokin ƙofa, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Rana ba ta ɗaga ba amma gumi ya jiƙa masa wuya. Yana ta murza kafaɗarsa ta hagu.

“Kofur, yau ba za a kama ni ba?”

“Na ɗaga miki ƙafa, Goggo. Wani abu ne ya tokare min nan, kamar na haɗiyi dutse.”

Tela ta leƙo da kofin shayi. “Na ce masa ya zauna mu je asibiti, ya ƙi. Goggo, ki sa baki.”

“Ka ji abin da ta ce. Bankin ba zai gudu ba, da siminti aka dasa shi.”

“Ku ba ku san Oga ba. Ka yi fashi ranar hutu, Litinin ka tarar da wani yaro cikin rigarka. Iska ce kawai. In ma wani abu ne, ai suna gani na.”

Ya kurɓi shayin sau ɗaya, ya ajiye wayarsa a kan keken ɗinkinta kamar yadda ya saba, ya sa hula. A bakin ƙofa ya tsaya ya dafa buhun gawayina, abin da bai taɓa yi ba da kaki a jikinsa. Ya dubi tafin hannunsa ya yi baƙi, ya ce, “Kin ga irin ta ko?” Ya tafi.

Bayan la'asar Dogo ya shigo gidan. Dogo abokin aikinsa ne, shi ke karɓarsa in ya tashi. Bai yi sallama ba, ya tsaya tsakar gida da hula a hannu, bakinsa na motsi ba magana. Keken Tela ya tsaya. 

Aka yi abin da ake yi, aka kai shi makwancinsa. Allah ya jiƙan Kofur. Da a nan maganar ta tsaya, da na ce kwana ne ya ƙare, na yi kukana na share hawaye. Kowa zai tafi. Amma ana cikin zaman makoki sai ga Oga, shugaban masu gadin, da tumbinsa da turarensa. Mata na zaune a tsakar gida, maza a waje, ya nemi a kira masa matar mamacin. Ya yi gaisuwar da ba ta kai ta minti ba, sai ya zaro waya.

“Hajiya, ba don in tayar miki da hankali ba, amma gara ki ji daga bakina, kada gobe a ce kamfani ya yi wani abu. Ranar nan tun safe mijinki wasa yake da aiki. Mai lura da kyamara ya kawo min rahoto. Ya zauna a ƙasa, in lokacin ɗaga hannu ya yi, ya dafa bango ya miƙe, ya ɗaga, ya koma ya zauna. Da azahar kuma bai ƙara tashi ba, barci ya kwashe shi. A ƙa'idarmu, tun lokacin an sallame shi. Kin ga ke nan ba a bakin aikinmu ya rasu ba.”

Ya miƙa mata wayar. Ni na karɓa, na duba hoton.

Ga Kofur a ƙasa, bayansa jingine da bangon ɗakin janareto, kansa ya karkace, hularsa a cikin ƙura, ya ɓalle maɓallan rigarsa har ciki. Ni ban yi makaranta ba, ko sunana ban iya rubutawa. Amma na yi jinyar uwata, na yi ta mijina, na ga masu barci na ga masu tafiya. Mai barci ba ya buɗe baki haka.

“Wannan ne barcin?” na ce.

“Mama, ni abin da aka kawo min...”

“Mutum ya wuni yana faɗuwa yana tashi a gaban idonku, ba wanda ya ce a je a duba shi?”

“Aikin mai lura shi ne ya kai rahoto. Ya kai.”

“Kai da aka kai wa fa?”

“Na ce in ya zo Litinin ya same ni a ofis.”

Wallahi da ba a riƙe ni ba, da tukunyar da ke kan wuta na juye masa. Ya fita yana cewa tsofaffin nan sai haƙuri. Amma ya riga ya zubar da abin da ya kawo, a gaban mata sun fi a ƙirga. Kafin sati ya zagayo, magana ta gama layi. A wajen mai kanti na ji wata tana cewa, “Ashe korarsa aka yi, barci yake a wurin aiki, baƙin ciki ya kashe shi.” Na ajiye kwanona na gaya mata abin da ba zan maimaita a nan ba. Amma baki nawa zan bi in toshe?

Wanda ya fi ci min rai na cikin gida ne. Tela ta rufe kekenta da zani, ba ta ƙara taɓa shi ba. Masu kaya suna zuwa suna komawa. Wata safiya na shiga na same ta zaune ta zuba wa keken ido.

“Goggo, ko dai barcin ne da gaske? Kwanakin nan aiki ya yi min yawa, ina ta taka keke yana juyi a gado. Ko ni na hana shi runtsawa, ya je can ya ɓingire, suka kore shi, zuciyarsa ta buga?”

“Rufe min baki. Ke kika ce ya zauna a gida, da kunnena na ji.”

“To me ya sa bai nemi taimako ba? In ciwo ne, me ya sa bai kira kowa ba?”

Wannan tambayar ce ta sa na nemo Dogo. Sai da ya duba gabas da yamma kafin ya zauna a kan bencina, kamar kyamarar ta biyo shi.

“Goggo, ina da yara, kada sunana ya fito.”

“Sunanka na bakinka. Faɗa min yadda ka same shi.”

“Jikinsa ya riga ya yi sanyi. Abin nan mai maɓalli ja, ya ciro shi daga ɗamara, yana cikin tafin hannunsa. Ya damƙe shi, sai da na ɓamɓare yatsunsa. Babban yatsansa na kan maɓallin.” Ya share fuska da hula. “Bai danna ba, Goggo. Ya san ba ɗan fashi a wurin.”

Na koma na gaya wa Tela. Ta girgiza kai, ta ce Dogo mutumin kirki ne, zai faɗi abin da zai sanyaya mata rai. Ita hoto ta gani da idonta. To na ce, tunda hoto ne ya ɗaure ta, hoto zai kwance ta. Dogo ya ce min ba hoto ɗaya ba ne, na'urar tana ɗaukar komai yana motsi, tun shigarsa har fitar da shi. Abin da na sa a gaba ke nan: a zaunar da matar nan a nuna mata wunin mijinta, ta ga ciwo ne ya kayar da shi, sannan Oga ya dawo tsakar gidan da ya yi ƙaryar ya janye ta.

Abin da ya kai ni banki ke nan, ranar nan da na buɗe muku labarin da ita. Ƙofarsu ma sai da ta yi faɗa da ni. Wani akwatin gilashi ne, ka shiga ya rufe ka, wata murya ta yi magana. Sau uku tana tofo ni waje saboda makullan ɗakina da ke ɗaure a bakin zani. Na ce wa sabon mai gadin, “Ɗana, ƙofar da ta gane makulli a ƙugun tsohuwa, a gidan nan ne aka kasa gane mutum na mutuwa?” Ya sunkuyar da kai ya buɗe min ta gefe.

Manaja ya ja ni ofishinsa don in daina tara masa jama'a. Ya sa aka kawo min ruwan sanyi, ban sha ba.

“Mama, na tuna shi yanzu. Dattijon kirki. Amma ki gane, ba ma'aikacinmu ba ne. Kamfanin tsaro ne ya kawo shi. Can za ki je.”

“Ƙofar wa ya mutu yana tsaro?”

“Tamu ce, amma...”

“To nuna min abin da kyamararku ta ɗauka.”

“Ɗakin kallon yana wajen kamfani.”

Na hau mota na je kamfani. Oga ya ce kyamarorin na banki ne, abin da ke ciki sirrin banki ne, shi ba shi da iko. Na koma banki, aka ce sai babban ofishi ya yarda. Na koma kamfani, aka ce Oga ya fita. Na koma banki, aka ce manaja yana taro. Gawayina na jibge, ruwa ya dake shi, ƙafafuna suka kumbura kamar an hura. A kamfanin akwai wani bene, a samansa wata ƙofar ƙarfe da ba ta da mariƙi ta waje. Aka ce min nan ne ɗakin. Na ce a kira min wanda ya zauna a ciki ranar Asabar ɗin, in ga fuskarsa kawai. Aka ce ba a faɗin sunansu, saboda tsaro.

Saboda tsaro! Shi an tsare masa suna, na Kofur kuwa ana yawo da shi a bakin kanti.

Zuwana na ƙarshe banki, wata mai aiki a ƙofar manaja ta gaji da ganina, ko kuma tausayi ta ji, oho. Ta matso ta rage murya.

“Mama, ki daina wahalar da kanki. Na'urar nan in ta cika, kan tsohon take ɗora sabo. Na ranar ya riga ya goge.”

“Ya goge? Ba wanda ya ajiye?”

“Ana ajiyewa in an yi fashi, ko in wani abu ya ɓace. Ranar an duba, ba abin da ya ɓace.”

Na tsaya ina kallonta. Yarinya ce mai hankali, ba da mugunta ta faɗa ba, abin da aka koya mata ne. Na ɗaure bakin zanina na fito. Ban yi ihu ba a ranar. Ihun ya ƙare.

Da na dawo gida na kasa gaya wa Tela. Ita ma ba ta tambaye ni ba, ta ga fuskata.

Shekaranjiya sai ga direban kamfani a ƙofar gida, wai Oga ya aiko shi ya karɓi kaki da takalmi da ɗamara, kayan kamfani ne, akwai wanda za a ba. Tela, baiwar Allah, ashe ta riga ta wanke su ta goge, har maɓallin rigar da ya tsinke ta mayar da allura. Ta fito da su a ninke a kan hannuwanta biyu. Na tare ta a tsakar gida na karɓe.

“Goggo, ki ba shi, kada su ce mun riƙe musu kaya.”

“Su ce.” Na juya wajen direban. “Ɗana, kai ba ruwanka, aike ne. Koma ka gaya wa Oganka kayan suna hannun mai gawayi. In ya ga dama ya turo min 'yan sandan nasa, ya ce an yi fashi, wannan karon abu ya ɓace.”

Na'ura ta goge, na ji. Amma ba na'ura ce ta zauna a ɗakin nan ba. Mutum ne, mai ido biyu, wanda uwa ta haifa. Ya ga dattijo yana bin bango yana miƙewa don ya ɗaga masa hannu, ya ga lokacin da ya kasa, ya ɗauki hoto ya koma ya jingina. Abin da ya gani yana cikin kansa, kuma kan mutum ba ya ɗora sabo a kan irin wannan. Ban san sunansa ba, ban san ko yaro ne ko babba ba. Shi nake nema. Ya sauko daga benen nan, shi da Ogan da ya ce a bari sai Litinin, da manajan da ya ce ba nasu ba ne. Su shigo gidan nan da rana tsaka, mata na zaune, su tsaya a gaban Tela, ya buɗe baki ya faɗi abin da ya gani, su kuma su faɗi dalilin da ya sa ba wanda ya taka ya je. Ranar ne zan miƙa kakin da hannuna.

Kafin nan yana rataye a ƙusa a bayan ƙofata. Na lulluɓe shi da tsohon mayafina saboda ƙura, takalman na ƙasa a jere, bakinsu na kallon waje.